Gaiwa Da Masu Bincikenta: Daga Fadamar Haɗejiya Zuwa Jami'o'in Duniya

Jama'a masu karatu, na san wasunku za su ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen kifi, balle ma gaiwa, wadda ko a kasuwa ba kowa ke tsayawa ya taya ba. To, ku yi mini haƙuri kaɗan in faɗi dalili. A zangon karatu da ya wuce malaminmu na al'adu ya ba kowannenmu aikin ya je gida ya tattaro kalmomin wata sana'ar gargajiya. Ni sai na zaɓi su. Ni mutumin Malam Madori ne, garinmu kuwa ba a bakin kogi yake ba, jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa ne suka raya shi tun da aka shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya isa can a 1930. Amma dangin mahaifiyata masunta ne a fadamar Haɗejiya, saboda haka na ɗauki littafi da biro na tafi wurin kawuna.

Kwana uku muka yi yana lissafa mini sunayen kayan aiki, su koma da taru da birgi da kalli da mamari da gora, da sunayen kifaye, su tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi da yauni da minjirya. A rana ta huɗu, cikin watan Maris, rana na dukan ƙeya, ya ce in ɗauko fartanya mu je kamun kifi. Na ce, "Kawu, da fartanya?" Ya ce, "Kai dai ɗan boko, biyo ni." Muka je wani tafki da ya ƙafe ƙurmus, laka ta tsattsage, ko ɗigon ruwa babu. Ya yi ta zagawa yana duban ƙasa, har ya tsaya kan wata 'yar ƙofa da ba ta fi shigar yatsa ba. Ya haƙa kamar kamu ɗaya da wani abu, sai ga wani curi ya fito, an naɗe shi da wata fata mai kama da busasshen ganye. Ya ɓare ta, sai ga gaiwa a lanƙwashe, wutsiya ta rufe fuska, da ranta. Ya ce, "Tun kaka take nan. Ba ta ci ba ta sha, jikinta take ci."

Da na komo makaranta na shiga neman abin da aka rubuta a kanta, sai na tarar cewa wannan kifin da muke haƙowa da fartanya ya fi shekara 180 yana wahalar da manyan masana na duniya. Akwai waɗanda suka ƙare rayuwarsu ta aiki a kansa da 'yan uwansa, akwai ma waɗanda suka rasa rayukansu. Tarihin waɗannan mutane nake so in kawo, tare da inda ya bar mu, mu da muke zaune da kifin.

RIGIMAR FARKO: KIFI CE KO BA KIFI BA?

Labarin ya soma ne a Amurka ta Kudu. Wani mutumin Ostiriya mai suna Johann Natterer, wanda ya shekara 18 a Burazil yana tattara dabbobi, ya samo 'yar uwar gaiwarmu a yankin kogin Amazon. A 1837 wani masani a birnin Biyana, Leopold Fitzinger, ya duba ta ya ga tana da huhu, sai ya sa ta cikin dangin kwaɗi da ƙadangaru. Shekara biyu bayan haka, a 1839, Richard Owen na Landan ya yi bayanin wata da aka kawo daga kogin Gambiya. Wannan ita ce ainihin irin tamu, ita ake samu daga Senigal har tafkin Cadi. Sunan da ake kiranta da shi a kimiyya yau, Protopterus annectens, daga Owen ya fito, kalma ta biyu kuwa ma'anarta mai haɗawa, watau mai haɗa kifi da dabbobin tudu.

Owen ya ce kifi ce. Babbar hujjarsa hanci, don a ganinsa hancinta ba ya ɓullawa cikin baki kamar na dabbobin da ke shaƙar iska. Daga baya aka gano yana ɓullawa. Ke nan ya faɗi daidai a hukunci amma hujjar tasa ta rushe, masanan Jamus kuma suka yi ta ja da shi shekara da shekaru. Har Charles Darwin, a littafinsa na 1859 kan asalin jinsunan halittu, ya kawo ta misalin halittun da suka wanzu tun zamanin da ba su sāke sosai ba. A 1870 aka bayyana ta uku a Ostireliya. Yau an san iri shida ne suka rage a duniya, huɗu a Afirka, ɗaya a Amurka ta Kudu, ɗaya a Ostireliya, kuma burbushin danginsu da ake tonowa cikin duwatsu ya kai shekara wajen miliyan 400 bisa lissafin masana.

Abin lura a nan shi ne galibin wannan gardama a kan gawa aka yi ta, gawar kifi cikin kwalba. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ganin inda take ƙwai.

BUDGETT DA MASUNCINSA

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara biyo irin waɗannan kifaye har gida shi ne John Samuel Budgett, kuma a ganina labarinsa ya fi na kowa ban tausayi. An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij. Tun yana ɗalibi ya raka abokinsa Graham Kerr zuwa ƙasar Faraguwai a 1896, inda Kerr ya je neman ƙwan gaiwar Amurka ta Kudu. A wancan zamani masana sun yi imani cewa in kana son ka san dangantakar wata dabba da sauran dabbobi, to ka dubi yadda ɗanta ke girma tun daga ƙwai. Saboda haka ƙwai ya zama abin nema ruwa a jallo. Budgett ya ɗaura wa kansa neman ƙwan gartsa, wadda wasu masunta ke kira gwando, kifin nan mai sulke da ƙayoyi jere a baya, wanda shi ma yana da huhu. Ba shi kaɗai ke nema ba. Wani Ba'amurke mai suna Nathan Harrington ya bi kogin Nilu don wannan buƙata, zazzaɓi ya kashe shi a Sudan a 1899.

Budgett ya je Gambiya a 1898, ya sake komawa a 1900 cikin damina. Bai sami ƙwan gartsa ba, amma ya sami abin da bai je nema ba, watau sheƙar gaiwa da ta yauni da ta bargi. Shi ya fara rubuta wa duniyar kimiyya cewa gaiwa na yin rami cikin ciyawar fadama ta zuba ƙwai, namijin ya tsaya yana gadi yana kaɗa wutsiya don ruwan ya motsa, 'ya'yan kuma su fito da wasu zaruruwan numfashi a gefen kai kamar na talibambam ɗin kwaɗo. To amma wa ya nuna masa? Shi da kansa ya rubuta cewa shugaban masuntansa, wani mai suna Sory, shi ya zo a guje ya gaya masa ya ga 'ya'yan kifin, ya kai shi wurin. Na yaba wa Budgett da ya ambaci sunan, don da yawa daga cikin irinsa ba su yi ba. Duk da haka, a littattafan da suka biyo baya sunan Budgett ne ya tsaya, na Sory ya faɗi a hanya.

Bai haƙura ba. A 1902 ya tafi Yuganda ya biyo Nilu, nan ma bai dace ba. A 1903 ya zo ƙasarmu, ya sauka a yankin da kogin Kwara ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, can cikin sauro da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Mai karatu ya tuna wace shekara ce wannan: ita ce shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, saura shekara uku yaƙin Haɗejiya na 1906 da Sarki Muhammadu ya yi shahada. Sa'ad da wasu 'yan ƙasarsa ke jan igwa a Arewa, shi yana Kudu yana tatsar ƙwan kifi cikin kwano. A watan Agusta ya yi nasarar haɗa ƙwan macen gartsa da ruwan namiji da hannunsa, ya zauna yana zana yadda ƙwan ke rarrabuwa. Ya koma Ingila da kayansa da kuma cutar cizon sauro a jikinsa. A watan Janairu na 1904 ya mutu, yana da shekara 31, bai kai ga rubuta sakamakon aikin ba. Abokinsa Kerr ne ya tattara ya buga a 1907.

"JIKINTA TAKE CI"

Tambayar da ta fi damun mutumin fadama ba ta ƙwai ba ce. Tambayar ita ce, yaya aka yi kifi ke wata bakwai ko takwas cikin busasshiyar ƙasa bai mutu ba? Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara auna wannan da ma'auni shi ne Homer Smith, Ba'amurke, masanin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. A 1928 ya je gabashin Afirka, bakin tafkin Biktoriya, ya kwaso irin gaiwar can ya kai Niyok, ya sa su cikin laka ya bar ta ta bushe, ya riƙa auna numfashinsu da nauyinsu wata da watanni.

Ga abin da shi da waɗanda suka biyo bayansa suka tabbatar. In ruwa ya soma janyewa gaiwa takan tauna laka ta nutsa, ta juyo da kanta sama, ta lanƙwashe. Jikinta ya yi ta fid da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zama wannan fatar da kawu ya ɓare, ya rufe ta ruf sai wata 'yar kafa daidai baki, wadda iska ke bi daga ramin zuwa huhu. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya ragu, ƙoda ta kusa tsayawa. Abincin da take rayuwa da shi kuwa naman jikinta ne, tsokarta take narkarwa kaɗan kaɗan. Ashe maganar masunta ba almara ba ce. Inda wasu suka ƙara gishiri shi ne cewa wutsiyarta take gutsura da baki, mai yiwuwa don suna samunta da wutsiya a fuska.

Amma narka tsoka yana da illa. Yana haifar da wani dafi da ake kira amoniya, wanda kifi na cikin ruwa ke zubarwa ta hanyar maƙoshinsa ruwa ya tafi da shi. Gaiwa a rami ba ta da ruwan da zai tafi da komai. Sai hantarta ta riƙa juya dafin nan zuwa yuriya, i, wannan yuriyar dai da manomanmu suka sani a buhun taki, wadda jiki ke iya jurewa. Ta tara ta cikin jini da nama har ranar da ruwa ya sauko, sa'an nan ta zubar cikin 'yan kwanaki. A ɗakin gwaji an ga gaiwar da ta wuce shekara uku a haka ta kuma farfaɗo.

Smith bai tsaya a kifi ba. Ya zama babban masanin ƙodar ɗan Adam a zamaninsa, a Jami'ar Niyok, har rasuwarsa a 1962, kuma littattafansa na daga cikin tushen ilmin da likitocin ƙoda ke aiki da shi. A 1932 ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Kamongo, sunan da ake kiran gaiwa a bakin tafkin Biktoriya. Irin tamu kuwa, wasu mutanen Suwidin biyu, Johnels da Svensson, su suka yi cikakken bayanin raminta a 1954, su ma a Gambiya.

TO INA NAMU?

Kowa ya lura zai ga sunan Gambiya na ta dawowa, na Haɗejiya bai fito ba. Ba don ba mu da kifin ba ne. Gambiya na bakin teku, jirgin ruwa na kai mutum har cikin fadama, mu kuwa muna can cikin tudu. Iyakar inda na ga ƙasarmu ta leƙo cikin wannan tarihi da wuri shi ne a 1928, shekarar da Smith ya tafi gabashin Afirka, sa'ad da wani masani a Balin, Ernst Ahl, ya bayyana wani ɗan mitsitsin kifi da aka samo a kogin Kiyawa wajen Katagum, ya sa masa suna kiyawensis, watau na Kiyawa. Wannan kifi dabararsa dabam ce da ta gaiwa. Shi ba ya jiran damina, mutuwa yake yi in kududdufi ya ƙafe, amma ya riga ya binne ƙwansa cikin laka, ƙwan ne ke yin barcin rani. Wani ɗan uwansa na Zimbabuwe da Mozambik, mai balaga cikin mako biyu zuwa uku ya tsufa cikin 'yan watanni, ya zama abin da masu binciken tsufa a Jamus da Amurka ke kiwo a ɗakunansu, har suka karance gadonsa a 2015. Na Kiyawa sai dai masu kiwon kifin ado na Turai su san shi.

Bayan mulkin kai an yi wani aiki da ya cancanci yabo. A 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da littafi kan kifaye da sana'ar su a Arewacin Nijeriya, wanda Reed da Burchard da Hopson da Jenness da Malam I. Yaro suka rubuta. Ni ɗalibin harshe abin da ya burge ni da shi shi ne ya kawo sunayen kifaye na gida tare da na kimiyya. Daga baya aka sami cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa, wadda ta tsiro daga aikin binciken tafkin Kainji, da makarantar koyon aikin kifi ta Baga. Sai dai hankalin waɗannan wurare ya fi karkata ga yawan kamu da kiwon tarwaɗa da karfasa, kuma ban ga laifinsu ba, ƙasa mai neman abinci dole ta fara da abin da zai cika tukunya.

KUNDIN GADO

Yanzu sai mu zo zamaninmu. Kowa ya ji labarin gwajin DNA da ake yi don gane uban yaro. Wannan DNA wani dogon zare ne da ke cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki, an jera shi da sinadarai iri huɗu waɗanda masana ke ɗauka kamar haruffa. Jimlar haruffan da wata halitta ta gada ita ake kira jinom, ni kuwa zan kira ta kundin gado. Na ɗan Adam yana da haruffa kimanin biliyan 3, an kuma sanar da kammala karanta shi a 2003.

A nan ne Axel Meyer ya shigo, Bajamushe, haifaffen 1960. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, ya kuma zauna ƙarƙashin Allan Wilson, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara amfani da DNA wajen gano dangantakar halittu. A 1990 su biyun suka ɗauki wani ɗan guntun zare, haruffa 'yan ɗaruruwa kawai, suka gwada na gaiwa da na kwaɗo da na wani tsohon kifin teku da aka gano da rai a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938, wanda a lokacin da yawa ke ɗauka shi ne mafi kusa da dabbobin tudu. Sakamakon ya nuna gaiwa ce ta fi kusa. Aka yi ta musu, kamar yadda aka yi da Owen. Meyer ya koyar a Amurka, ya koma Jamus a 1997 ya zama farfesa a Jami'ar Konstanz, ya yi suna a kan dangin karfasa na manyan tafkunan gabashin Afirka, waɗanda suka rarrabu iri ɗaruruwa. Amma bai saki gaiwa ba.

Abin da ya hana a karance kundinta tun da wuri shi ne girma. Sai a 2021, shekara 31 bayan wancan ɗan guntun, Meyer da abokan aikinsa, cikinsu har da Manfred Schartl na Jami'ar Wurzburg, suka fitar da na gaiwar Ostireliya, haruffa biliyan 43. Cikin wannan shekara wata ƙungiyar masana ta ƙasar Sin, daga wata jami'a a birnin Shi'an da cibiyar binciken halittun ruwa ta Wuhan, ta fitar da na irin tamu, Protopterus annectens, haruffa kimanin biliyan 40, an ɗaure su dami 17. Wata ƙungiyar da ke tare da su ta fitar da na gartsa, kifin da Budgett ya mutu a kansa. A 2024 Schartl da Meyer suka kawo na Amurka ta Kudu, biliyan 91, wanda a lokacin babu wata dabba da aka karance mai kundi kamarsa.

Don mai karatu ya gane girman abin, na yi ɗan lissafi. In mutum zai karanta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai gama kundin ɗan Adam cikin shekara 95. Na gaiwar da kawu ya haƙo kuwa sai ya shekara fiye da 1,200. Amma kada a ce ta fi mu sarƙaƙiya ne. Sassan da ke ba da umarnin gina jiki kusan yawansu ɗaya da namu, wajen 20,000. Sauran galibi maimaici ne, wasu gutsattsarin zare masu kwafar kansu suna sake liƙewa, kamar ɗalibin da ya cika takardar jarrabawa da jimla ɗaya.

Cikin abin da aka gano akwai sassan da ke sa huhu ya fid da wani ruwa mai hana shi mannewa, irin wanda ke cikin huhunmu, da sassan da ke aiki a siraran fikafikan gaiwa, waɗanda su ne ke aiki wajen tsara hannu da ƙafa a dabbobin tudu. Masanan na ɗaukar wannan hujja ce ta yadda rayuwa ta fito daga ruwa zuwa tudu. Wannan ita ce tambayarsu tun zamanin Owen, a kanta kuma aka kashe kuɗin. Barcin rani, wanda shi ne abin mamaki a wurinmu, wasu ne dabam suka riƙe shi. Yuen Ip na Jami'ar Singafo ya shafe shekaru yana bin sassan gadon da ke kunnuwa da masu mutuwa sa'ad da gaiwa ta shiga rami. A 2021 kuma ɗakin binciken Irene Salinas a Jami'ar Niyu Meziko ya nuna cewa fatar nan da ke naɗe ta ba mataccen yauƙi ba ne, nama ne mai rai, cike da ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, suna tare ƙwayoyin cuta kafin su kai ga jikinta. Da na karanta wannan sai na tuna yadda muka yar da ita a bakin rami ko waiwaye ba mu yi ba.

FADAMAR DA TA SĀKE

A daidai shekarun da ake wannan bincike a ƙasashen waje, gidan gaiwar a nan yana sākewa. Rayuwarta ta dogara ga abu biyu, ambaliya a lokacinta da ƙafewa a lokacinta. Haka fadamar Haɗejiya da Nguru take tun asali: kogin Haɗejiya da na Jama'are su cika da damina su malala, kifi ya bi ruwa ya yi ƙwai cikin ciyawa, manomi ya shuka shinkafa, ruwa ya janye a yi noman rani, Fulani su shigo da shanu. A 1974, bayan babban farin nan, aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama ta Challawa. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Ambaliyar damina ta ragu, sa'an nan ana sako ruwa da rani don noman ban-ruwa da shan birnin Kano. Sai wasu wurare suka daina samun ruwa, wasu kuma suka daina bushewa. A inda ruwa ya zauna shekara zagaye kacalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye gero da shinkafa. In kuma aka yi ruwa mai yawa, kamar a 2022, ruwan ya rasa hanya ya afka gonaki da gidaje.

An yi nazari a kan wannan ƙwarai. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar Haɗejiya da Nguru, masana irin su Hollis da Adams da Barbier suka auna ruwa suka auna amfanin gona da kifi da itace, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani bisa wanda aka tare don aikin ban-ruwa na kogin Kano. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci. Amma tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su ne suka fi jawo hankalin masu ba da kuɗi.

Ba zan ce gaiwa na shirin ƙarewa ba, don a lissafin ƙungiyar kare halittu ta duniya ba ta cikin masu haɗari, tana da yawa a faɗin Afirka. Abin da nake cewa ya fi wannan ƙanƙanta. Kawu ya nuna mini tafkuna biyu da yake haƙa a cikinsu yana saurayi. Ɗaya ya zama gonar gero, ruwa bai sake zuwa ba. Ɗaya kacalla ta cinye, ba ya bushewa balle a haƙa. Kifin da ya iya jure wata takwas ba ruwa bai iya jure shekara goma, kuma yadda wadda ke zaune cikin ruwan da ba ya ƙafewa take yi da jikinta tambaya ce da sai wanda ke kusa da wurin zai iya bi shekara bayan shekara. Budgett sai da ya yi tafiyar makonni a teku kafin ya kai ga fadama. Ɗalibin Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko ta Tarayya da ke Dutse, ko ta Gashuwa, da babur zai je ya dawo ya ci abincin rana.

Za a ce ina na'ura? Wannan uzuri ya fara tsufa. A watan Maris na 2020 ɗakin binciken Christian Happi a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, Jihar Osun, shi ya fara karance kundin ƙwayar cutar korona a duk Afirka. A 2021 masanan Afirka, cikinsu har da ɗan Nijeriya ThankGod Ebenezer, suka kafa wani shiri na karance kundin gadon tsirrai da dabbobin nahiyar fiye da 100,000 a cikin nahiyar. Gaskiya ne kundin gaiwa ya fi ƙarfin ƙaramin ɗaki, amma an riga an karance shi, yana nan a intanet kyauta. Abin da ya rage shi ne gwada na wannan fadama da na waccan, da sanin wane tafki, wane wata, wace irin laka. Wannan sanin yana wurin mutane irin kawu, da Hausa da Badanci da Barbarci yake, kuma masu shi suna tsufa. A nan ne nake ganin mu 'yan sashen Hausa muna da hannu a ciki, ko da ba mu san kan na'ura ba. A kwana huɗu na rubuta kalmomi sama da abin da malam ya nema, ban kuwa taɓo rabin abin da ke bakin mutum ɗaya ba.

Gaiwar da muka haƙo, a hular kawu muka kawo ta gida. Ya sa ta cikin daro ya zuba ruwa. Da farko ta yi shiru kamar guntun itace, can wajen la'asar ta warware, ta ɗago kai ta buɗe baki ta haɗiyi iska, yara suka watse da ihu. Na ce a yanka a yi miya. Matar kawu ta ce a'a, ita ba ta dafa ta haƙa sai ta kwana biyu ana sauya mata ruwa, in ba haka ba naman yakan yi wani ɗanɗano. Na tambaye ta wa ya gaya mata, ta ce, "Wa zai gaya mini, ɗan nan? Haka na ga innata na yi." A lokacin ban san Homer Smith ba, ban san zancen yuriya ba. Na dai rubuta maganar a ƙarshen shafi, ƙarƙashin kalmar gaiwa, na ja mata layi.